Sunan da Suma'ila Bai Sani Ba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa motar wani furoje, wato ƙungiyar aikin agaji, a Damagaram, kuma cikin duk mutanen da na ɗauka a kujerar gaba, babu wanda ya gajiyar da ni da surutu kamar Suma'ila Alkasum. Abin haushin ma, a biro, wato ofis, ba ya magana. Sai ya shiga motata bakinsa ke buɗewa. Ni Mai Nasara, da ko sunana da ƙyar nake rubutawa, ni aka zaɓa a yi wa bayanin ordinater, wato kwamfuta, tun daga Damagaram har Takieta. Labarinsa zan ba ku, da yadda ya cire abinci daga bakin surukarsa da hannunsa a shekarar yunwa, bai sani ba.

Ɗan Birni ne. Ubansa baduku ne, mai ɗinkin jakunkuna da kuben wuƙa, kuma Suma'ila ya gaji zama wuri ɗaya da ƙura wa abu ido daga wurinsa, amma bai gaji sana'ar ba. Ya yi lakkwal, karatun boko ke nan, ya tafi Yamai, ya dawo da takarda da tabarau da ciwon wuya. Furojenmu ya ɗauke shi ya kula da injuna. Aka ba shi wani ɗaki maras taga a ƙarshen baranda, inda babban injin da ke riƙe da takardun biro duka yake zaune yana gurnani. Ɗakin nan kaɗai ba a kashe wa na'urar sanyi, saboda injin ba ya son zafi. Shi ya sa da bazara Suma'ila ke samun masoya. Kowa sai ya leƙo, wai gaisuwa ya zo, ya tsaya minti goma gumi ya bushe masa, ya fita ko sannu da aiki bai ce ba.

Aikin nasa irin wanda ba a tuna mai yinsa ne sai abu ya lalace. In komai na tafiya, a ce me Suma'ila yake yi ne wai, yini guda a zaune. In abu ya tsaya, a ce ina Suma'ila yake ne wai. Wuta ta ɗauke, Suma'ila. Injin hoton takarda ya cinye takarda, Suma'ila. Wani ya kawo ɗan kile ɗinsa na ajiye takardu daga shagon intanet na gari cike da cuta ya soka a inji, Suma'ila. Har ƙwan fitilar banɗaki na ga an sa shi ya sauya. Bai taɓa cewa a'a ba. Sai dai ya cire tabarau, ya murza ido, ya tashi a hankali kamar mai shekara saba'in, alhali a lokacin ko arba'in bai kai ba.

Abin da yake so a duniya shi ne wani tsarin tafiyar da inji da ake kira Linuks. Kowa a biro Windos ya sani, shi kaɗai yake da nasa daban: allo baƙi ƙirin, rubutu fari, babu hoto babu ado.

"Baba Mai Nasara," haka yake farawa da mun wuce shingen jandarma, "wannan tsarin ba na kowa ba ne, na kowa ne. In ya lalace kana iya buɗe cikinsa ka gyara da kanka, kamar yadda kake buɗe gaban motarka."

"To madalla," nake ce masa. "Ana dama fura da shi?"

Ba ya jin haushi. Sai ya yi 'yar dariya ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yana da wata al'ada kuma: kowace Juma'a kafin masallaci sai ya kwafe duk abin da ke cikin babban injin a faifai, ya rubuta kwanan wata, ya jefa a wata akwatin ƙarfe ya kulle. Ko ana kiran salla sai ya gama. Mun sha rasa sahun gaba saboda faifan nan.

Matarsa Zuliha 'yar ƙasar Garagumsa ce, ta zo gari koyon ɗinki wurin gwaggonta, can ya gan ta. Mace ce mai baki, ina son ta don haka. Ta taɓa ce mini, "Baba, in kana so mai gidan nan ya ji maganarka, sai ka yi ƙara irin ta inji mai shirin mutuwa." Amma yana son ta, irin nasa son. Ba ya iya faɗa, sai dai ka ga ya kwance keken ɗinkinta da ba abin da ya same shi yana shafa masa mai.

Uwar Zuliha gwauruwa ce, tana can ƙauye bayan Takieta da jikoki biyu mata, 'ya'yan ɗanta da ya tafi Libiya shiru. Duk ƙauyen Dodo suke kiranta, tun tana yarinya. Suma'ila ko Dodon ba ya faɗa, Inna yake cewa. Sau biyu a shekara nake kai su, ƙaramar salla da babba. Ya cire takalmi tun daga bakin zana, ya durƙusa nesa, ido a ƙasa, ya gaishe ta, ta amsa daga cikin ɗaki, shi ke nan. Shekara tara da aure, maganarsu ba ta taɓa wuce ina kwana da ya jiki ba. Ba wanda zai ga laifinsa. Haka aka rene mu, ni ma har tawa surukar ta rasu ban taɓa shan ruwa a gabanta ba.

Daminar dubu biyu da tara ta yaudare mu. Ruwa ya zo da wuri, mutane suka yi shuka, ya ɗauke, suka sake, ya sake ɗaukewa lokacin da gero ke shirin fid da kai. Kafin sanyi ya wuce rumbuna sun zama fanko. Mun ga irin wannan yunwar a dubu biyu da biyar, mun ɗauka mun gama da ita. Wallahi gajiyar da na ji a zuciyata lokacin da na sake ganin mata a bakin hanya da ƙorai babu komai, ban san yadda zan kwatanta ta ba.

Furoje ya sami gero da za a raba sau uku kafin kaka. Aka aika masu rubutu ƙauye ƙauye, suka dawo da sunayen gidaje dubu goma sha takwas, aka shigar a inji. Zuliha ta tambayi mijinta ko ƙauyensu na ciki. Ya duba ya ce yana ciki, kuma duk gwauraye an rubuta su, ta kwantar da hankalinta.

Sai shugaban biro, wanda muke kira Mushe Mamman irin na Faransanci, ya kira Suma'ila. Daga Yamai an yi ƙorafi, wai a wasu wurare mutane na rubuta kansu sau biyu. Kafin a buga wa jerin hatimi, a tace shi. Kwana uku aka ba Suma'ila, a makon da injin wutarmu ya mutu, layin intanet ya yanke, kowa na jan rigarsa.

Ba ya iya bin suna dubu goma sha takwas da ido. Ya zauna gaban baƙin allonsa ya rubuta wa injin umarni, layi huɗu kacal: duk inda ka ga suna ɗaya, sunan uba ɗaya, ƙauye ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, ka bar guda ka share sauran. Ina ɗakin lokacin, na shiga shan sanyi, ba zan ɓoye ba. Ya danna. Kafin in gyara hulata injin ya gama. Suna ɗari huɗu da goma sha ɗaya suka fita.

"Ka gani, Baba? Aikin mutum biyar na mako guda."

Rabon da in ga fuskarsa ta yi haske haka, na manta.

Ga abin da bai tuna ba. Shi a asibiti aka haife shi, yana da takarda mai rana da wata. Mutumin ƙauye ba shi da ita. Mai rubutu ne ke duban fuskarka ya yanke maka shekara, wannan ta kai hamsin, waccan hamsin da biyar. Da aka zo shigarwa, injin ba ya karɓar shekara sai da rana da wata, sai aka sa wa kowa ɗaya ga Janairu. A takarda, rabin ƙasar Garagumsa rana ɗaya aka haife su. Sunaye kuma nawa ne a ƙauye? Ka tsaya bakin rijiya ka kira Balki ka ga mata nawa za su waiwayo. Ba wai bai san wannan ba ne, ya sani sarai. Gajiya ce ta rufe masa ido.

A rabon farko, cikin watan Mayu, duk ƙauyen da muka je sai an sami masu cewa an rubuta su ba a kira su ba. Masu rabo suka ce ba ruwansu, injin Damagaram ne ya fitar da jeri. Na dawo na gaya wa Suma'ila.

"Masu rubuta kansu sau biyu ne, Baba," ya ce, kansa cikin wani inji da ya buɗe. "Dole su yi kuka. Inji ba ya son kai."

Na so in ƙara magana, aka ƙwala masa kira daga wani ɗaki. Na bar ta nan. Wannan kuwa laifina ne, kuma ina ɗauke da shi. Ƙauyen Inna ba ya cikin layina, wata mota ce ke zuwa. Waya ba ta kamawa can. Saƙon da ke zuwa ta bakin 'yan kasuwar Takieta kullum ɗaya ne, Dodo na gaisuwa, lafiya lau. Aka yi rabo na biyu haka.

Ƙarshen watan Yuli aka aike ni da takardu wajen Garagumsa, Zuliha ta ba ni ƙunshi in kai wa uwarta, sukari da ganyen shayi da sabulu. Na yi sallama na shiga. Akuyoyi huɗu na sani a gidan, turakunsu kawai na gani. A tsakar gida ga ƙwarya uku jere cike da anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗacin tsiya da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwa kafin su ciwu. Jikokin na zaune jikin bango, ko tashi ba su yi ba. Inna ta fito tana dafa ƙyaure. Ƙafafunta sun kumbura har zanen ya kasa rufe su.

"Dodo! Ina geron da aka ba ku?"

"Ba a kira ni ba."

"Sau biyun?"

"Sau biyun."

Na ce ta kawo 'yar takardar da mai rubutu ya ba ta. Ta ciro ta daga cikin wani gwangwani. Karatuna bai da yawa, amma na haɗa: Balki Gambo. Shekara tara ina zuwa gidan, ran nan na fara jin sunan.

"Balki Gambo nawa ne a garin nan?"

"Mu uku ne. Ta gidan liman ita ake kira." Sai ta riƙe bakin rigata. "Mai Nasara, don girman Allah kada ka gaya wa Zuliha. Shi kuma mai gidanta, kada ka kuskura ka ɗaga masa maganar."

Na ce to. Ƙarya na yi mata. Na ajiye musu burodi da ƙosan da na sayo don hanya, na tuƙa motar nan kamar zan kashe ta.

Da la'asar na iso biro. Na kori masu shan sanyi, na rufe ƙofa, na ajiye masa sunan da na kwafa a bayan takardar mai.

"Nemo mini wannan."

Ya buga. "Tana nan. Balki Gambo, guda ɗaya, ta karɓa sau biyu."

"Su uku ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya tashi ya buɗe akwatin ƙarfe, ya zaro faifan Juma'ar da ta gabaci tacewar, ya sa. Ga su nan a jere, Balki Gambo, Balki Gambo, Balki Gambo, ɗaya ga Janairu duka, shekara ɗaya. Can gefe, inda umarninsa bai duba ba, ga yawan mutanen gida: ɗaya tara, ɗaya shida, ɗaya uku. Ya ƙura wa allon ido. Ya riga ya gane ɗari huɗu da goma sha ɗayan nan mutane ne.

"Wace ce ita, Baba? Me ya sa wannan ka kawo?"

"Mai mutum ukun nan," na ce, "ita ka durƙusa wa da babbar salla."

Ban taɓa ganin namiji ya tsufa a gabana cikin minti ɗaya ba sai ranar. Bai yi kuka ba. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce innalillahi a hankali, ya sake cewa.

Saura kwana biyu a rufe jerin rabon ƙarshe. Ya buga sunayen duka a takarda ya nufi ɗakin Mushe Mamman, ni kuma na tsaya bakin ƙofa, kowa ya ce gulma ce ya ce. Mushe Mamman ba mugu ba ne, matsoraci ne, shi ma a gajiye yake.

"Suma'ila, Yamai ta buga hatimi. In na ce jerin da muka raba da shi sau biyu ba daidai ba ne, masu bincike za su zo, su tsayar da komai. Saura rabo ɗaya. Kaka ta kusa. Ka bar shi ya wuce."

"Mushe, kaka saura wata biyu."

"To in sun tambayi wa ya yi fa?"

"Ni na yi. Layi huɗu ne, ga su nan, da sunana da ranar da na rubuta. Ku aika haka."

"Ka san abin da zai biyo baya?"

"Na sani."

Aka aika. Yamai ta yarda a mayar da sunayen a rabon ƙarshe kaɗai, na baya ya wuce ke nan. Shi kuma da shekara ta ƙare ba a sabunta masa aiki ba. Yau yana da rumfa a bakin kasuwa yana gyaran waya da tsofaffin ordinater, yana cusa wa mutane Linuks ko ba su tambaya ba.

Zuliha shi ya gaya mata da bakinsa, a yammacin ranar. Daga baya ya faɗa mini ba ta yi ihu ba, ita mai bakin nan. Abu ɗaya ta ce: "Ka ce mini tana ciki." Da safe ta sayi gero, ta ɗauki 'ya'yanta ta shiga motar Takieta, ko sai na dawo ba ta ce masa ba.

Kwana goma sha biyu bayan haka muka bi kamiyo, babbar motar da ta ɗauko geron, zuwa ƙauyen. Suma'ila ne ya roƙa a tafi da shi. A hanya bai ce uffan ba, har na yi kewar surutun. Gero ya yi kore a gonaki, amma nan da can sai ka ga gona fayau, ba a shuka ta ba. Gida ashirin da uku aka mayar a ƙauyen nan kaɗai. Da aka kira suna a gindin tsamiya, tara babu mai amsawa. Sun kulle ɗaki sun tafi, wasu Kano, wasu ba a san inda suka nufa ba. Balki Gambo mai mutum shida tana cikinsu. Buhunta ya zauna a rana babu mai ɗauka, Suma'ila na tsaye yana kallonsa.

Na Inna mu muka ɗauka, ni da shi, kowa ya kama kunnen buhun ɗaya. A bakin zana ya cire takalmi ya durƙusa a inda ya saba. Zuliha na zaune bakin ƙofar ɗakin da ludayi a hannu, ba ta dube shi ba. Ya yi gaisuwa, Inna ta amsa daga ciki, muryar ta ɗan dawo.

Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta ƙara magana bayan gaisuwa.

"Zuliha, ki gaya wa mai gidanki kada ya sa komai a ransa. Ni na gane tun ranar farko. Garin nan kowa ya san surukina ne ke riƙe da injin, ni na gaya musu da bakina. Da ba a kira ni ba, mata suka fara dariya, na ce ku yi shiru, ba ku san shi ba. Ya cire ni ne don kada a ce ya fara da gidansa. Na ce ku nuna mini wani ma'aikaci a ƙasar nan da zai iya haka. Liman ma ya faɗa a masallaci. Shi ya sa na hana a kai muku labari, kada ya ji tausayina ya ɓata aikinsa."

Na dubi Suma'ila. Goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. A raina na ce yi shiru, yaro, karɓi abin da aka ba ka mu tafi. Zuliha ma ta ɗago ta dube shi karon farko, ta girgiza masa kai kaɗan.

"Inna," ya ce. "Inna, ba haka ba ne. Ban cire ki don amana ba. Kuskure na yi, ke da mutum ɗari huɗu. Na ga sunanki ban san naki ba ne. Ban taɓa sanin sunanki ba."

Wata kaza ta maƙwabta ta shigo ta zaga buhun ta fita. Mun daɗe a durƙushe, har gwiwata ta fara ciwo.

Da Inna ta yi magana, ba ta bi ta kan Zuliha ba, shi ta yi wa kai tsaye.

"Ɗan nan, da ka bar mini waccan maganar. Ita nake ci wata uku."